Jijiyar Dutse

A gindin Aragats, inda dutse ke da ja kamar garwashi,
na yi shekara tara ina share wa Varazdat shago,
ina wasa masa cizal, ina ɗumama masa shayi,
kafin ya yarda in taɓa dutsen da za a tsayar a ƙofar coci.

Gicciye muke sassaƙawa,
na dutse, mai tsayin mutum,
reshen inabi na nannaɗe shi, rumman na fashewa a ƙasansa,
saƙa kamar ta zare, amma da guduma ake yin ta.

Nawa na farko ya je Yerevan.
Aka haska shi da fitilu, aka gitta igiya kada a taɓa.
Wata mai jar hula ta ce hannuna zinariya ne.
Wani ya ce, Garegin, ai ka wuce maigidanka.
Ban ce i ba.
Ban kuma ce a'a ba.
Na dai cusa maganar a aljihun kwat, kusa da ƙirji,
ina shafa ta a mota har gida.

Na dawo ina taku kamar ina bin ƙasa bashi.
Tsoho bai tambaye ni labarin birni ba.
Ya nuna mini sabon dutse da haɓa,
na Shoghik, gwauruwar da ta sayar da saniyarta
don ta tsayar wa ɗanta alama a kan kabari.

Wata uku ina kansa.
Na zuba masa adon da ba wanda ya roƙe ni,
ina jiyo tafin Yerevan a cikin kowane bugu.
Wata Laraba, dusar ƙanƙara na sauka,
na sa cizal a ganye na ƙarshe,
dutse ya ce ƙas,
ya tsage daga kafaɗa har gindi.

Na zube a ƙasa. Na zagi dutse, na zagi mahaƙa.
Varazdat ya dogaro sanda, ya durƙusa da ƙyar,
ya bi tsagar da ɗan yatsa kamar mai koyon karatu.
"Jijiya ce," in ji shi. "Tana nan tun kafin kakanka.
Da ka saurara, da ta faɗa maka.
Kunnenka na wani gari."
Sai ya kamo damata, ya juya ta,
ya danna jijiyar da ke harbawa a wuyan hannu.
"Wannan fa, kai ka sa ta?
Tsayar da ita mu gani."

Ban tanka ba.
Nasa hannun na rawa a kan nawa,
hannun da ya cika kwarin nan da gicciye arba'in,
yau ba ya kai cokali baki sai miya ta zuba.
"Aro ne," ya ce, har da dariya. "Mai shi ya fara karɓar nawa.
Shekara sittin ban biya ko sisi ba. Da wane baki zan yi ƙorafi?"

Na je wurin Shoghik da hula a hannu.
Na sayi wani dutse da kuɗin Yerevan.
Wannan karon na ƙwanƙwasa shi tukuna, na kara kunne,
na yi addu'ar da na daina tun da aka fara yabona:
Ya Yesu, wanda ya tashi a gidan masassaƙi,
idon naka ne, hannun naka ne,
dutsen ma kai ka gasa shi a cikin ƙasa,
ni ɗan riƙon guduma ne.

Har yau yabo na yi mini daɗi, ba zan yi ƙarya ba.
In ya zo, nakan riƙe shi kamar wasiƙar da ta ɓata gida,
in duba sunan da ke bayanta,
wata ran da sauri, wata ran sai na sha fama,
in miƙa ta ga mai ita.

Sunana na kan dutsen Shoghik,
ta baya, can ƙasa, inda ciyawa ke rufewa
da zarar ƙanƙara ta narke:
Ku tuna da Garegin a addu'a.